Buhu Mai Tabarau

A Sahuda, inda aka binne cibiyata, muna da wata doka da ba a rubuta ba. Gara ma haka, don ni aji biyu na yi a firamare, karatu ya ce mini sai wata rana. Dokar ta ce in ka bi ta gonar mutum da yunwa, ka karya masara ko ka tuge gyaɗa ka ci a nan, ba ka yi laifi ba. Abin da ciki ya ɗauka ba sata ba ne. In ka sa a buhu kuwa, ka zama ɓarawo. Duk garin ba wanda ya kai ni bin wannan doka. Tun ina saurayi nake ratsa gonakin mutane da yunwata a shirye, amma ba a taɓa ganina da buhu ba.

Shekarar da 'yan bindiga suka shiga Mubi, muka watse daidai lokacin da dawa ta fara nuna. Ni da iyalina muka tsallaka Kamaru. Maƙwabcina, tsohon malamin makaranta daga duwatsun Michika, wanda muke kira Ticha, ya yi Yola wajen ɗansa. Shekara talatin gonarsa na jikin tawa, ɗan mayo, wato rafi, ne kawai tsakani.

Da gari ya lafa, ina cikin waɗanda suka fara dawowa. Wasu na cewa jarumta ce. Gaskiya rogon Kamaru ne ya ishe ni. Na tarar da dawar Ticha ta sunkuyar da kai, tsuntsaye na biki, rumbunsa kuma ba rufi. Na yanke tawa, na yanke tasa, na sussuke, na zuba a buhuna, na jera a ɗakina.

Tuwo ne ya tona ni. Ni farar dawa nake shukawa, ta Ticha ja ce. Da mutane suka dawo, sai aka ga jan tuwo a gidana. Kafin a jima magana ta kai gaban Jauro, mai garinmu. A wurinmu, wanda aka kira ɓarawo ba a zuwa masa gayya, shi ma ba a kiransa. Ni da bayana ya fara ciwo, in ba gayya, ciyawa ce za ta gaje gonata.

Aka taru a gindin tsamiya ranar da Ticha ya sauka. Ya zauna da tabaransa, bai ko dube ni ba. Kafin a tambaye ni, kowa ya riga ya san dalilina.

Liman ya ce, "Shaiɗan ne." Fasto ya gyaɗa kai. Ranar na fara ganin sun yarda da juna ba gardama.

Wani malamin asibiti ya ce, "A'a, talauci ne da gudun hijira. Yunwa ke sa mutum haka."

Wata tsohuwa ta ce, "Jini ne! Kakansa ma da saniyar da ba tasa ba ya shigo garin nan."

Matata ta taso daga bayan taro ta ce, "Ranka ya daɗe, ku bar Shaiɗan ya huta, yana da nasa aikin. Maigidan nan ko a ranar wadata haka yake. Cikinsa ne."

Na ce, "Na gode, uwargida. Kin wanke ni."

Jauro ya ce a je a gani da ido. Na buɗe ɗaki. Ga buhunan Ticha a jere, bakinsu a ɗinke. Da yake ban iya rubuta sunansa ba, na zana tabarau da gawayi a jikin kowanne, har da 'yan kunnuwa. Ticha ya cire nasa, ya dubi na buhu, ya mayar. Na ga gefen bakinsa na rawa.

Jauro ya taɓa buhun ƙarshe da sanda, ya ji ya kusa kwanciya. "To, wannan fa?"

Na ce, "Allah ya taimake ka, wannan ciki ne ya ɗauka."

Sai Ticha ya buɗe baki: "Maƙwabci, doka ta ce a ci a gona."

Na ce, "Ticha, ai gonar ce na kawo gida."

Liman ya riƙe kafaɗar Fasto don dariya. Jauro ya share hawaye ya ce buhun da aka sa wa tabarau ajiya ce, ɓarawo ba ya zana fuskar mai kaya. Na cikina kuma, ya ce shi bai da inda zai ƙwato shi.

Ticha ya sa aka kwashe kayansa. Na yi kwanaki ina ganin hukunci ya wanke ni, amma maƙwabtaka ta tafi.

Da damina na kira gayya. Ticha ne ya fara tsallako mayo, fartanya a kafaɗa, matarsa na biye da ƙwaryar kunun jar dawa. Ya miƙo mini ludayi ya ce, "Sha a nan, ɓarawona. Kada in ga ka nufi gida da ƙwaryar."