Dokin da Ban Motsa Ba

Akwai wata la'asar a bakin iyakar Jibiya da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba. A lokacin ina cike wa direbobi takardun shigo da kaya, kuma ina cikin wani ƙaramin kulob a Katsina na masu buga ces, darar nan ta Turawa mai sarki da dawakai da sojoji. Saura mako guda in wakilci kulob ɗin a gasa, ina ji da kaina ƙwarai.

Ina zaune gindin dalbejiya ina gwada wasa a kan allona ni kaɗai, sai wani dattijon direba ɗan Maraɗi, wanda takardun motarsa suka maƙale tun safe, ya zauna ya ce, "Ɗana, a ba ni baƙaƙen 'ya'yan?" Na yi murmushi, don na ɗauka kafin shayina ya huce na gama da shi.

Tun farko wasan ya cushe. Sojojinmu na tsakiya suka sarƙe, babu hanyar wucewa. Shi ko a jikinsa, ni kuwa na ƙosa. Na tura soja ɗaya na fasa tsakiyar don in kai wa sarkinsa hari. Ta ƙofar da na buɗe ya bi ya kama nawa.

Cikin jin kunya na fara tattara 'ya'yan, sai ya riƙe hannuna. "Dakata, ba mu gama ba." Da ka ya mayar da kowane ɗa inda yake kafin in tura sojan. "Mi ya kore ka nan?"

Na ce, "Baba, ai babu abin yi ne."

Ya ɗauki dokina ya ja shi baya, ya zagaya da shi ta gefe, taku huɗu, har ya sauka a gidan da babu sojansa da zai iya korarsa. "Wallahi wannan nika tsoro tun ɗazu. Kai ke sama, ba ka sani ba."

Na duba allon da kyau, na ga gaskiyarsa. Da ya bar ni na kwashe 'ya'yan, da har yau ina cewa fin ƙarfina ya yi. Ana kiran magariba takardunsa suka fito, ban sake ganinsa ba.

Daga ranar na gane sau da yawa ba abokin karawa ke kayar da mutum ba, ƙosawa ce. Kuma ban ƙara tashi daga inda na faɗi ba sai na koma na nemo inda na yi tuntuɓe.