Daminar Da Garinmu Ya Zauna Ba Danga

Malam Edita, bayan gaisuwa, ina roƙon ɗan fili. A shekarun da nika ba da labari ni ne sarkin gayya na wani gari tsakanin Tambuwal da Kebbe, ba don na fi kowa ƙarfi ba, sai don na fi kowa murya. In na yi kira a bakin rijiya, mutanen Fakku kan aiko su ji ko lafiya.

Masallacinmu ya yi mana kaɗan, har na sahun baya kan yi sujada a kan dugadugan na gaba. Dattawa sunka yarda a faɗaɗa shi ta arewa. Ni kuwa na miƙe na yi alkawari za a gama kafin ruwan farko, na kuma nace a rushe bangon arewa tun yanzu, don wanda ya ga masallaci a buɗe ba zai yi kasala ba. Magini ya tokare tsohon rufin da gwafanni, munka rushe. Azarar da za a yi sabon rufi da ita kuwa tana can dajin Kebbe, ko saran giginyar ba a yi ba.

Muna cikin yin tubali sai ga dogari daga wurin hakimi, wai Nasara na son ƙarti a aikin hanyar mota. Anka kwashe samari, anka bar ni da tsofaffin da in sun duƙa sai an taya su miƙewa. Da samarin sunka dawo, rijiya ta ja baya, mata sunka aiko a tambaye ni ko ƙasa za a shayar ko 'ya'yansu. Azara kuma da anka sare ta, jakuna sunka kasa ta, ta kwanta a daji. Da ƙyar sabon bango ya kai tsayi, sai ga hadari ya fara leƙowa daga gabas, hankalin kowa ya koma gona. Duk wanda ya san ginin ƙasa ya san bango ba rufi ba yaɓe, in ruwa ya sauka a kansa narkewa yake yi. In ya narke ya jiƙa gindin gwafannin nan, rufin da kakanninmu sunka ɗora zai zube.

Na rame har sai da na zagaya mazagin wando sau biyu. Na tafi wurin liman, tsoho ne ƙwarai, na durƙusa na ce masa na kasa, a nemi wani. Ya yi dariya ya ce shi ya ɗauka na zo in shaida masa na daka wa hadari tsawa ya koma. Sannan ya ce in tashi, aiki ya tsaya sai kaka, abin da ya rage shi ne a lulluɓe bangon yadda ake yi wa rumbu. Na ce Malam, ina ciyawa a ƙarshen rani, shanu sun cinye, wuta ta lashe sauran? Sai ya miƙe. Ya fita ya kwance zanar dangar gidansa da hannunsa, ya ɗora a ka, ya nufi masallaci yana tangaɗi. Wa zai ga haka ya zauna? Kafin la'asar babu gidan da bai kwance tasa ba. Makiyayanmu na bayan gari sunka kawo busassun fatun shanu anka toshe gefen da yake buɗe.

Wannan damina ba wanda ya yi sirri. Maƙwabcina da yake rantsuwa kullum da nama yake kwana, duk munka ga miyar kukarsa. Mata sunka shanya zannuwa a igiya su kare ɗakuna, awaki kuwa suna ratsa gari daga wannan tukunya zuwa waccan, ba sallama. Taubashina makiyayi ya riƙa bi na yana cewa ya ji ana faɗaɗa masallaci, amma ni ne farkon wanda ya mai da gari duka tsakar gida guda. Ina dariya, amma duk ruwan da aka yi sai na ruga na shafa bangon nan. Kusurwa guda ta zube, na zauna cikin taɓo na yi kuka kamar jariri. Rufin dai bai motsa ba.

Da kaka ta yi, taubashin nan nawa ya ɗaure azara a bayan bijimansa ya jawo ta har ƙofar masallaci. Anka yi gayya da ganga, anka ɗora rufi, anka shafe da makuba don kada ruwa ya ci ginin. Ba wanda ya taɓa yi mini gori, har waɗanda awaki sunka yi wa ɓarna. Allah Ya saka musu, Ya jiƙan liman.

Duk wanda jama'a ta ɗora wa gini, kada ya rushe abin da yake tsaye sai kayan sabon na kwance a gabansa. In jinkiri ya zo, ya kare abin da ya gina, ya jira lokaci. Kuma kada kunya ta hana shi faɗin ya kasa. Ni na faɗa, sai gari guda ya tuɓe ya rufa mini asiri.