Fitilar da Ta Kori Inna daga Ɗakinta

Jiya ina sharar ɗakin Inna na taka ƙaramin ƙwaron nan mai wari, wanda ke tasowa daga fadamar shinkafa da zarar ruwa ya zauna. Mai karatu, in ba ka taɓa jin warinsa ba, ka gode wa Allah. Ni dai ya ɗauke ni cak ya mai da ni ƙuruciya, lokacin da kakarmu ta wajen uba ke riƙe da gidanmu na Malanbil.

Da damina gulbi yakan cika har ya malala cikin gonaki. Kwaɗi su yi ta kuka, hayaƙin kifin da masunta ke ƙyafewa ya biyo iska har cikin gari. Fitilar ƙwai ɗaya gare mu. Ana idar da sallar magariba kaka za ta ɗauke ta da hannunta, ta kai ta can ƙarshen tsakar gida, ta ɗora bisa kifaffen turmi, ta ajiye tasar ruwa a gindinsa. Duk wani ƙwaro da ke garin can zai nufa. Su yi ta zagayen wutar har su gaji su faɗa ruwa, da safe kaji su yi kalaci da su. Mu kuwa muna nan nesa cikin duhu-duhu, muna cin tuwon shinkafa da miyar kifi, muna laluben ƙaya da harshe.

Wata rana na jawo fitilar kusa don in ga abin da nake ci. Kaka ta ƙwala mini ludayi a bayan hannu.

"Ke, mai da hitilar nan inda kin ganta," in ji ta. "Baƙin da take gayyata ba su cin tuwo da mu."

Abin da ta fi tsana shi ne tsaka. Duk abincin da tsaka ta taɓa, sai a zubar, a dirje kwanon da toka, a shanya shi a rana. Ta ce cuta take sawa, irin wadda ba ta jin magani. Inna ta shigo gidan tana amarya, ta koyi wannan ƙyama wajen surukarta, har ta fi ta. Ko da aka jawo mana kuran, wato wutar lantarki, Baba a jikin itacen tsakar gida ya rataya ampul ɗin, wato ƙwan fitilar, nesa da ƙofar ɗaki da madafa. Ba wanda ya tsaya yin bayani, kowa ya sani.

Kaka ta rasu, Baba ya bi ta, Inna ta tsufa a ɗakin da ta haife mu duka. Ɗakin ƙasa ne mai rufin azara, mai sanyi ko da zafin bazara. Idonta ya fara yana. Rannan ta yi tuntuɓe da buta ta faɗi, labari ya kai wa ƙanena da ke aiki a Kwatano, sai ga shi ya zo da niyyar gyara. Ba zan ci zalinsa ba, son uwarsa ne ya kawo shi. Amma wallahi akwai son da gara a bar ka da ƙiyayya.

Ya ja ni kasuwa wai mu zaɓi fitila. Mai shagon ya baje mana su, faffaɗa kamar faifai, irin waɗanda ake mannawa a rufin ɗaki, ga 'yar komandi da ake latsawa haske ya ƙaru ko ya ragu. Akwai mai haske ja-ja, akwai fara ƙal mai kashe ido. Na ce a ɗauki ja-jan, a kafa ta a bango wajen ƙofa. Ƙanena ya yi dariya.

"Haba Yaya, wannan ai hasken da ne. Farar za mu sa a tsakiya, ta ga komai. In ta yi mata yawa ta rage."

Mai shago ya ɗora da cewa irin wannan fitila ba ta kiran ƙwari. Na dube shi na ce ko ya taɓa yin damina a garin nan, ya sunkuyar da kai yana ƙulla kwali.

Fitilar ba ta zama a jikin azara, don haka aka kawo kafinta ya lulluɓe rufin da filafon roba fari, aka huda tsakiya aka manna ta, daidai saman tabarmar da Inna ke cin abinci. Da rani ne, komai ya tafi sumul. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo. Inna kuwa ta karɓi komandin da hannu biyu, ta sa wa ɗanta albarka, ta naɗe ta cikin ƙyalle, ta cusa can ƙasan kwallayenta inda take ɓoye turare. Abin da ɗa ya kawo daga birni ba na wasa da yatsa ba ne a wurinta. Haka fitilar ta zauna a ƙarshen ƙarfinta, ba a taɓa rage ta ba.

Sai ruwa ya sauka.

Tir! Ban taɓa ganin ƙazanta irin wannan ba. Ƙwari suka taso daga fadama suka cika ɗakin, masu wari, da shinge, da hangara da ke tashin fata in ta bi ta wuyanka. Suna bugun fitilar suna zubowa bisa gado, cikin randa, cikin kofin koko. Bayansu tsaka suka biyo. Suka sami mazauni tsakanin filafo da azara, inda tsintsiya ba ta kaiwa, suna fitowa su yi wa fitilar zobe, cikinsu fari tumɓur, suna zubo kashi.

Ran da abin ya ƙare ina zaune gefenta bayan magariba. Ta kai hannu cikin kwano ke nan, sai wata ƙatuwar tsaka ta suɓuce daga robar ta faɗo tsulum cikin miya, wutsiyarta ta gutsure tana motsi. Inna ba ta yi kururuwa ba. Ta janye hannunta a hankali, ta fita waje, ta yi ta amai.

Daga ranar ba ta ƙara sa komai a baki a gidan ba. Na dafa a waje, na rufe da faifai, ta ce ta ƙoshi. Na tono komandin na rage hasken, daga baya na sa aka cire fitilar gaba ɗaya. A banza. Tana jin takunsu a cikin rufin, sur-sur, bisa kanta. Tsohuwa ta fara zubewa a gabana, zanenta yana kwancewa daga ƙugu. Na kira ƙanena a waya na zazzage masa abin da ke cikina. Ya ce camfi ne, a fesa magani. Na ce ya zo ya fesa wa zuciyar uwarsa.

Ƙarshe ƙanwarta ta turo kabu-kabu daga Madekali aka tafi da ita, wai ta huta kwana biyu. Can ta dawo da cin abinci, alhamdu lillahi.

Yanzu in ka ratsa unguwarmu da damina, gida-gida za ka ga farin hasken nan yana tsiyaya ta taga, mutane na zaune ƙarƙashinsa suna tsince ƙwari daga tuwo suna zagin shekara. An iya sayen fitila, an manta inda ake ajiye ta. Abin yana ba ni takaici ƙwarai.

Juma'ar da ta wuce na je Madekali, na gaya mata na sa an ɓalle filafon, azara ta fito, an share ko'ina, ta shirya mu koma. Ta ci gaba da jan carbi. Can ta ce:

"In za ki zo wani sati, ki buɗe akwatina. Akwai farin yadi a ƙasa, wanda na aje don ranar tahiyata. Ki kawo mini shi nan."

Abin da ya kai ni ɗakin jiya ke nan. Na ɗauko yadin, na share ƙasa, na ja ƙofar na kulle.