Neman Sunan Kakan Baba, Daga Kontagora Zuwa Zauro

Laraba: Kontagora zuwa Birnin Kebbi

Na bar gida bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Dalilin tafiyar kuwa, ranar Lahadi matar ɗana ta haifi namiji, sai mahaifina, wanda tsufa ya kwantar, ya ce so yake a raɗa wa yaron sunan kakansa shi Baba, na wajen uba. To, babu wanda ya san sunan. Kakana Malam Umaru, mahaifin Baba, ya zo Kontagora yana saurayi da tsagar Kabawa a fuska, ya yi ɗinki har ya rasu bai taɓa ambaton iyayensa ba. Abin da ya bar mana sai laƙabin Maihoma, wanda aka rubuta wa Baba a makaranta, mu ma muka gada. Homa kuwa komar kamun kifi ce ta mutanen Argungu, alhali a gidanmu ko fatsa babu wanda ya iya jefawa.

"Ka samo mini kafin ranar suna," in ji Baba. "Ban san ko zan ga wata haihuwar ba."

Mu huɗu aka cusa a bayan ƙaramar mota. Daga Yawuri zuwa Koko ramuka suka ishe mu, a kowane shinge kuma sai an leƙa but ɗin motar. A Jega muka tsaya azahar, direba ya dube ni.

"Malam, biki za ka ko gaisuwa?"

"Dangi nake nema."

"Ka san gidansu?"

"Ko sunansu ban sani ba."

Ya yi dariya. "Allah shi ba da sa'a. Ni mai adireshi ma wuya nika sha da shi."

Da la'asar na sauka a unguwar Gesse cikin Birnin Kebbi, gidan Malam Sani, abokina tun makarantar allo. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi. Na ci kaɗan, bayana ya hana ni zama.

Alhamis: Argungu

Da hantsi na isa Argungu. Ashe masu laƙabin Maihoma ba ɗaya ba ne. Gidan farko suka ce nasu kakan daga Nijar ya zo. Na biyu na tarar an sayar, an yi shagon albasa a zauren. Na yi ta yawo cikin rana har takalmi ya ci mini ƙafa. Sai bayan azahar aka nuna mini wani dattijo, Baba Ango, yana gyaran koma a inuwa kusa da gulbi.

Na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni. Bai ɗago ba sai da ya gama ƙulli.

"Umaru da yat tahi bai komo ba? Na ji labarinai. Maihoma kakana na, shi ka saƙa homa ga unguwag ga. Amma ba shi ya haihi Umaru ba, ɗan riƙo na. Ya daɗe bai samu haihuwa ba, wani amini nai na Zauro ya ba shi yaro."

"Baba, mene ne sunan aminin?"

"Wa ka hwaɗin sunan uban ɗan riƙo cikin gidan riƙo? Sai ka ce ana korar yaro. Ko ubana bai taɓa hwaɗi ba."

Sunan da muke amsawa shekara da shekaru, ashe na mai riƙo ne, Allah Ya saka masa. Da na tashi tafiya, dattijon ya ce Umaru yana da ƙane a Zauro mai suna Manu. Ya rasu, amma matarsa Inna Jimma tana da rai.

Juma'a: Zauro

Bayan an sauko daga masallaci Malam Sani ya kai ni a babur. Fadamar shinkafa ce hagu da dama, iyakar ganinka. Muka sami Inna Jimma a kan tabarma, ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma kunnenta garau. Da ta ji ni jikan Umaru ne, ta laluba fuskata.

"Ashe ina da miji Kontagora. Shi na ka zo hannu biyu, ba ko goro?"

Na miƙa mata goron da na riƙo, na ce ai amarya ce ta ɓuya. Muka yi dariya. Sannan na tambaye ta sunan mahaifin mijinta.

Fuskarta ta canza. "Ɗan nan, ba ka da kunya? Surukina na. Tun da anka kawo ni gidan ga ban taɓa kama sunanai ba, yanzu da nika jiran ƙasa za ni hwara?"

Na roƙe ta, na faɗa mata halin da Baba yake ciki. Ta ce Allah Ya ba shi lafiya, amma bakinta ba zai iya ba. 'Ya'yanta da suka sani sun riga ta gidan gaskiya, jikoki kuwa Tsoho kawai suka ji ana cewa. Na zauna, gajiyar kwana uku ta sauko mini gaba ɗaya.

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "An ce kai malami na. Ka san annabawa a jere?"

Na gyara zama na fara. Adamu, ta ce a'a. Idrisu, a'a. Nuhu, Hudu, Salihu, Ibrahimu, duk a'a. Na bi su a hankali har Yusufu da Ayuba. Da na ce Shu'aibu, sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta ce a'a ba. Na maimaita, ta ƙara sunkuyar da kai. Na ciro alƙalami na rubuta shi da ajami.

Na gwada haka da sunayen mata don mahaifiyar Umaru. Ta ce kada in wahala, wannan ko ita ba ta taɓa jin sunanta na yanka ba, Inna kowa ke ce mata.

Asabar: komawa gida

Na kamo hanya da sassafe, motar ta lalace a Koko, ban shiga Kontagora ba sai gab da magariba. Ko takalmi ban cire da kyau ba na shiga wurin Baba.

"Shu'aibu," na ce. "Manomin shinkafa ne a Zauro."

Ya faɗi sunan a hankali, ya sake faɗi. Sannan ya ce, "Ita fa, kakata?"

"Ita ban samu ba, Baba. Babu mai rai da ya sani."

Sai ya ce, "To, a wurin addu'a a ce matar Shu'aibu. Wanda ake roƙo Ya san ta."

Washegari aka tallafo shi zuwa zaure, ya ji liman ya kira sunan da kunnensa. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni, sai Malam Sani da iyalinsa, da Baba Ango, da Inna Jimma, wadda ta ba ni abin da na je nema ba tare da ta buɗe baki ba.