Takardar Yaya Mamman da na ƙone da hannuna

Bana shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Mamman Wanzami na Ƙauran Namoda, kuma na fi shekara biyu ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, ina tsoron yin kuskure a jarida. Abin da ya fi wannan, ina tsoron in ci naman wani saboda fushi. Amma mahaifiyarmu, Inna, yanzu a zaune take sallah saboda ciwon ƙugu, kuma da hannuna a ciki. Allah ya yafe mini inda na zarce.

Yaya Mamman wanzanci ya gada, aski da ƙaho da cire belu. Wajen lokacin da aka ba mu jihar Zamfara, wasu 'yan China suka zo gyaran layin dogo, shi yake zuwa yi musu aski. Likitansu ya lura hannunsa ba ya rawa, sai ya fara koya masa aikin allurarsu. Allura ce siririya kamar gashin wutsiyar doki, babu ruwan magani a cikinta. Ana kafa ta a wasu wurare na jiki, a bar ta ɗan lokaci, a zare. Da za su tashi ya bar masa kwalin allurai da wata babbar takarda mai zanen jikin mutum gaba da baya, da ɗigo-ɗigo da rubutunsu. A gefen kowane ɗigo Yaya ya rubuta da ajami abin da aka koya masa: wannan na ƙugu, wannan na gwiwa, wannan na ciwon kai.

Ba zan ce ya warkar da kowa ba, don ban gani ba. Na dai ga yana tafasa allurar kafin ya taɓa mutum, kuma in ciwo ya fi ƙarfinsa sai ya ce a tafi asibiti. Na ga an kawo masa wani manomi daga Katuru a kwance cikin amalanke, bayansa ya riƙe tun lokacin huɗa. A zuwansa na uku da ƙafarsa ya shigo. Ita kuwa Inna duk Juma'a yake yi mata, ta yi mako tana sujada kamar kowa. Ya so ya koya mini, na ce ina tsoron in soki inda ba daidai ba. Zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke shi, kayan suka dawo akwatina.

Sai shari'a ta zo. Ina cikin waɗanda suka yi murna, kuma har gobe ina ciki, kada wani ya juya mini magana. A cikin wannan ɗokin ne mutumin Katurun nan, ba zan kira sunansa ba, ya same ni a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis.

"Audu, takardar nan ta yayanka tana gidanku?"

Na ce tana nan.

"Hatimin Sinawa na. Ga hoton mutum ba riga, ga rubutun da ba ka san mi ya ce ba. Ka fitar da ita tun ba a zo an fitar da kai ba."

Na ce, "Ba da ita aka tashe ka daga amalanke ba?"

"Allah ya tashe ni. Ni ban san mi aka haɗa da ita ba."

Ni mutum ne da nakan sake alwala sau uku don shakka. Kwana uku ina juya maganarsa a raina. A na huɗu na kai takardar bayan rumbu na cinna mata ashana, allurai kuma na zuba su a masai. Ban shawarci kowa ba.

Sai bayan shekara, da ciwon Inna ya tsananta, na je Zurmi wurin wani dattijon malami, abokin mahaifinmu, na ba shi labarin aikin Yaya. Ya ce, "Mi yake karantawa in zai soka?" Na ce Bismillah. "Yana yanka? Yana kiran wani?" Na ce a'a. Ya ce, "To mi ya raba shi da ƙaho? Kawo takardar in gani." Da na gaya masa na ƙone ta sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, tambaya gaba ake yin ta, ba baya ba."

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Na san zai ji daɗin ganin an rufe gidajen giya da caca a Ƙaura. Amma zai so ya san yadda aka yi mutumin da bai sauke izu biyu ba yake ba da fatawa a rumfar kasuwa, kuma a samu wawa irina ya bi shi. Zai so ya san ina mutanen da suka riƙa cika masa zaure, waɗanda ke ji ana kiran 'ya'yansa mata ɗiyan boka a bakin rijiya, ko ɗaya bai buɗe baki ba. Wannan shirun ya fi ƙona mini rai. Shi kuwa mutumin Katurun, bara bayansa ya sake riƙewa, har ya aiko a tambaye ni a ɓoye ko akwai sauran allura a gidan. Na ce a gaya masa Allah ya tashe shi. Daga baya na yi istigfari, amma har yau ban ji na yi nadama ba, kuma wannan ma yana damuna.

Abin da ya rage na Yaya bai da yawa: zabirarsa ta kayan aski, da 'ya'yansa uku, da mutanen da suka san gaskiyarsa suke jin nauyin faɗa. Ina fata wannan rubutun zai sa ko mutum ɗaya ya faɗa.

Roƙona ga masu karatu shi ne, duk wanda ya yi aiki da waɗannan 'yan China a layin dogo, ko ya san inda aka koyi wannan aiki da gaske ake yinsa, a Gusau ko Sakkwato ko Zariya ko Kano, ko yake da irin wannan takarda, ya aiko mini ta hannun edita. Inna har yanzu ta ɗauka takardar tana cikin akwatina. Duk Juma'a sai ta tambaye ni ko na samu wanda zai iya karanta ta. A taimake ni da abin da zan gaya mata.