Malam Isiyaku da Ƙananan Gidajen Burodi

Ina tsaye a wani gidan burodi a Abakpa, ana sauke fulawa daga mota, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanen Malam Isiyaku ne. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba, ya ce, "Bashir, Yaya ya cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na zauna a kan buhu, masu sauke kaya suna jira in tashi, na kasa. Malam Isiyaku, shugaban sashen talla a kamfanin da nake aiki, ya rasu da safiyar nan, bayan ciwon ƙoda da ya daɗe yana ɓoye mana.

Kamfaninmu fulawa yake sayarwa ga gidajen burodi, kuma kowane ɗan talla da yankinsa. Nawa Unguwar Shanu da Abakpa ne, inda gidajen duk ƙanana ne. Da fulawa ta yi tsada, wasu suka rufe, wasu suka koma sayen buhu kaɗan-kaɗan, cinikina ya faɗi warwas. Sabon manaja ya ce a rufe yankin, a sallame ni, a tsaya ga manyan masu saye na wajen Mando. Ina da mata da yara, ga mahaifiyata a hannuna. Malam Isiyaku ne kaɗai ya buɗe baki a zaman da aka yi kan maganar. Ya ce a ba shi lokaci, shi da kansa zai bi ni yankin.

Kada wani ya zaci mai lallashi ne. Wallahi ba haka yake ba. Ranar farko da ya hau bayan babur ɗina, muna fitowa daga wajen wani mai burodi ya ce, "Kai Bashir, bakinka kamar rediyo. Ka shiga ka kunna, ka kashe ka fito. Me mutumin nan ya ce yana damunsa?" Ya ƙara da cewa, "To, gobe ni da kai duk bebaye ne, mu bar mutane su yi magana." A wajensa ɗan talla ba ya ambaton farashi sai ya shiga har bakin murhu, ya taɓa kwaɓi, ya ɗanɗani burodi. Ya kan ce, "Kada ka gaya mini buhu nawa ka sayar, zan gani a ofis. Gaya mini abin da ke hana mai gidan barci."

Haka muka zauna gaban Madam Saratu, wata mai gidan burodi a Unguwar Shanu, ta yi ta zuba muna saurare. Ta ce manya suna sayen fulawa mota guda a yi musu ragi, ita kuwa kuɗin dako kaɗai yana cinye ribarta. Malam ya ce, "Madam, idan kuka haɗa kai da maƙwabtanki kuka ɗauki mota guda fa?" Ta riƙe baki. "Haba Malam! Ni da Alhaji Tanko? Mutumin da ke janye mini masu sari?" Ya yi murmushi ya ce, "Ba aure na ce ku yi ba, mota na ce."

Ya sha zirga-zirga a kan wannan magana. Ya je wajen Alhaji Tanko a Abakpa, ya dawo wajen Madam, ya sake komawa, cikin rana, a bayan babur, mutumin da a haife ya haife ni. A lokacin ya daina sa takalmi sau-ciki ya koma silifa, muna ta tsokanarsa a ofis wai Malam ya yi ritaya daga ƙafa. Ashe ƙafafun ne suka kumbura. Duk sanda na tuna dariyar nan sai zuciyata ta yi zafi. Motar da ake saukewa ranar da labarin ya zo, ita ce ta farko da Madam da Alhaji Tanko suka haɗu suka saya, yana kwance a asibiti bai gani ba.

An yi jana'iza bayan azahar. Masu gidajen burodi sun zo, wasu da garin fulawa a gefen riga. Madam Saratu ta shiga wajen mata da kwandon burodi a ka, tana kuka tana cewa ya ɗauke ta mutum.

Bayan addu'ar uku manaja ya kira ni. Ya yi mini ta'aziyya, ya yabi marigayi, sannan ya ce mota ɗaya ba ta isa hujja ba, kuma wanda ya tsaya mini ba ya nan. An rufe yankin. Ban yi gardama ba, na ajiye makullin babur ɗin kamfani na fito.

Ranar sadakar bakwai na shiga gaishe da matarsa, Hajiya Asabe. Ta ce, "Bashir, ya aka ƙare da maganar aikinka? Har a gadon asibiti yana tambaya ko motar ta iso." Na dubi yaransa a zaune gefenta, na ce, "Ta iso, Hajiya." Ta ce, "Alhamdulillahi, to hankalinsa ya kwanta." Sauran maganar ban iya faɗa mata ba.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Isiyaku, ka gafarta masa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka bai wa Hajiya Asabe haƙurin rashinsa. Ya tsaya wa ɗan wani har ƙarfinsa ya ƙare. Ya Allah, kada ka bar nasa 'ya'yan babu mai tsaya musu. Amin.