Jirgin Yaƙin da Ya Sha Banda

Wata ranar Lahadi, a kakar shekarar da aka gama yaƙin basasa, ina tsaye bisa katangar gidanmu a Haɗeja, riƙe da jirgin yaƙi mai ƙarnin kifi, yaran unguwa suna ƙasa sun toshe hanci. Kawu Barau, ƙanin mahaifiyata, yana kishingiɗe a tabarma, hular sojansa a gwiwa. Ya yi alkawarin ba da ita ga duk yaron da jirginsa ya fi yin nisa, ni kuwa a lokacin ko doki aka ba ni a madadinta ba zan karɓa ba.

Kawu dai tuwo ya tuƙa wa sojoji har aka gama yaƙin, amma idan ya fara labari sai ka rantse shi ya kama Enugu da muciya. Shi ya ba mu labarin wani jirgi na gwaji da ya ce ya gani da idonsa: ba shi da farfela, wuta yake fitarwa ta baya, baƙi ƙirin, masu shi ma tsoronsa suke ji. Yau ya ce fukafukinsa irin na jemage ne, gobe ya ce ai ba shi da wutsiya sam. Idan muka tuna masa na jiya sai ya ce, "Kai, ku tafi can! Jirgin gwaji kullum ai sake shi ake yi." Haka muka bi shi muna haɗa namu jiragen na kara, muna rushewa muna sakewa. Da mun dawo daga korar tsuntsaye a gonar shinkafa sai mu baje karan dawa, mu ɓare ɓawon, mu yayyanka ɓargon gunduwa-gunduwa, mu riƙa jera su kamar tubali muna soke su da ƙayar aduwa.

Talle, ɗan maƙwabtanmu, ya shafe nasa da gawayi, ya yi kyau har na ji haushi. Ni da nake ɗan masunta sai na ce me zai hana baƙi na gaske, wanda ba ya gogewa? Na roƙi Inna ta ba ni gefe a ragar banda, na kwantar da jirgina tsakanin tarwaɗa. Ya sha hayaƙi, man kifi ya ɗiga masa, ya fito yana sheƙi. Inna ta juya shi ta ce, "Wannan da gishiri ai sai miya."

To, ranar gasar Talle ya fara jefa nasa, ya lula har gindin tsamiya. Gabana ya faɗi, don na san nawa ya yi nauyi da maiƙo. Na yi bismilla na wurga. Bai yi taku uku ba ya sunkuyar da hanci, ina shirin kuka, sai ga shirwa daga sama fyuu, ta sure shi! Ashe tun ɗazu take kewaya mu. Muka bi ta da gudu muna ihu har bakin kogi, muna kallo ta tsallake da shi ta yi cikin fadama.

Talle ya yi ta birgima yana cewa zamba ce, shirwa ce ta tashi ba jirgi ba. Kawu, da dariya ta sa shi tari, ya ce, "Ni nisa na ce. Ban ce ga direban da za a ɗauka ba." Ya kifa mini hular, ta rufe ni har hanci. Da ita na yi ta yawo ina karo da mutane, ban yarda na cire ba sai lokacin alwala.

Yanzu jikana yana da kwalin 'yan tubalan roba da ubansa ya sayo masa a Kano, da hoton jirgi a jiki. Cikin ɗaki yake haɗawa shi kaɗai, ya fito daidai da hoton, ya ɗora kan tebur. Kawu ya daɗe da rasuwa, Allah ya ji ƙansa, hular ma asu ya cinye. Rannan na ɗauki jirgin yaron na shinshina, ban ji komai ba. Nawa kuwa har yau ban ga inda ya sauka ba.